Mutumin da Ke Zaɓar wa Hayaƙi Hanya

Mijin yayata da ashana yake ci da iyalinsa. In na faɗi haka a gabansa sai ya ce, "Rediyo, a rage murya," don sunan da ya laƙaba min ke nan tun ina 'yar ƙarama a gidansu, wai an ƙera ni ba a sa min wurin kashewa ba. To ƙarya na yi? Shi ne mai ƙona sharar unguwarmu, kuma daga wannan bakin titi zuwa wancan ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Tuta.

Ba da wannan ya fara ba. Da can ma'aikacin motar shara ne, cikin masu tsayawa a baya suna lodi. Yana da rigar aikinsa da dogon takalmin roba da safar hannu. Kullum Yaya sai ta wanke rigar nan ta goge, ni kuwa ina mata dariya, ina cewa ina amfanin guga ga kayan da za a shiga bola da su? Sai motar ta fara zuwa yau, gobe ba a gan ta ba. Aka ce taya ce, aka ce mai ne, aka ce inji ne. Daga baya ma aka daina cewa komai. Wata rana aka tara su aka ce kowa ya tafi gida, za a neme shi. Har yau ana nan ana nemansa.

Ita kuwa shara ba ta san an sallami kowa ba. A ƙarshen unguwa akwai wani tsohon rami inda aka haƙi ƙasar gini, nan kowa ya koma zubarwa. Kafin ka ce kwabo ramin ya cika har ya yi tozo. Leda, gwangwani, ragowar abinci, ƙunzugun jarirai, mushen kaji, tsoffin takalma, abin da kake zato da wanda ba ka zato. In wari ya ishi mutum sai ya fito ya cinna wuta ya koma gida ya rufe ƙofarsa, inda hayaƙin ya nufa kuwa, oho. Rannan wani gwangwanin maganin sauro ya fashe a cikin wutar, ya tsaga wa wata mata ƙafa tana wucewa da tulun ruwa. Washegari mijin Yaya ya zura dogon takalminsa ya ɗauki manjagara ya fita. Ba wanda ya aike shi.

Ni ba na yabon mutum a banza, balle shi da muka saba tsiya, amma aikin nan ya iya shi. Ba ya sa wuta sai ya tone. Taya gefe, batir gefe, gwangwanin feshi gefe, allurai da kwalaben magani ya binne su can ƙasa. Danyar shara ya baza ta a rana ta bushe, don ya ce jiƙaƙƙiya ce ke yin hayaƙin nan mai kauri da ke kwanciya a ƙirji. Sannan ya kasa ƙananan tsibi, ya ƙona ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya barin wurin sai ya rufe tokar da yashi. Mutane suka ga abin ya yi musu, kowane gida ya riƙa ba shi abin da ya sawwaƙa. Da wannan suka ci gaba da rayuwa, da wannan aka yi wa 'yarsu ɗaya tilo da ta rage a gabansu, Auta, makaranta.

Tutar kuwa ba wata tuta ba ce. Tsohon bututun ƙarfe ne ya kafa a saman bolar, ya yago gefen wani tsohon zanen Yaya ya ɗaura. Kowace safiya sai ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon ƙyallen nan, fuska a murtuke, sai ka ce wani babban direban jirgi. Iska uku gare shi, shi kuma ya raɗa musu suna. Akwai iskar gari, wadda ke kwaso hayaƙi ta shigo da shi cikin unguwa. In ƙyallen ya nuna nan, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai kyasta ba. Akwai iskar fili, wadda ke tura shi ɗaya gefen, inda babu komai sai ƙaya da ruwan kwance da karnuka, har iya ganinka. Ita yake jira. Sai ta ukun, iskar lungu, wadda ba ta cika zuwa ba. Ita tana bin babbar kwata ne ta gangara wani siririn lungu inda 'yan garejin makanikai suke, a can ƙarshensa kuma gidan Yaya ne, shi kaɗai, jingine da doguwar katangar wata masana'anta da ta daɗe da mutuwa. Hayaƙi in ya shiga lungun nan ba shi da mafita. Ya bugi katanga ya dawo ya zauna a tsakar gidansu. Yaya kuwa da asma ta tashi tun ƙuruciya, ko turare mai ƙarfi ba a fesawa kusa da ita. Don haka wannan iskar ko zancenta ba a yi.

Wani lokaci iskar fili sai ta ƙi zuwa, shara ta taru, mutane su fara ƙorafi. Mahaucin bakin titi, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya kan ɗaga murya ya ce, "Mai Tuta, yau ma hayaƙin bai samu mota ba ne?"

Shi kuma ya ce, "Yana tasha, ana jiran ta cika."

A yi dariya a watse. Shekaru muka yi a haka. Muna shanya a tsakar gida, muna buɗe taga, yara suna wasa a layi. Ba mu san jin daɗi muke yi ba.

Sai aka wayi gari an kafa turaku a filin. Bayan turaku sai bulo, bayan bulo sai kwano. Garin nan cika yake yi kamar tukunyar da aka manta a kan wuta, kullum mutane shigowa suke da ƙullin kayansu, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Mai Tuta ya taka har can ya samu masu ginin farko, ya ce musu, "Bayin Allah, nan fa hanyar hayaƙi ce." Wani mai tumbi a cikinsu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Hayaƙin ya kawo takardar filinsa mu gani." Ya je ofishin da ya yi wa aiki da, ya wuni a kan benci, aka ce masa mota na nan tafe. Ya dawo ya faɗa wa Yaya, ta ce, "Allah ya kawo ta lafiya," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Bai daina ƙonawa ba. Ya zai yi? Ya kan ce su suka tarar da hayaƙi, ba hayaƙi ne ya tarar da su ba. Amma na lura ya daina kallon gefen filin in wuta ta kama. Ya kan juya baya ne yana tura shara da manjagara.

A cikin haka Auta ta kawo wanda take so, wani mai facin taya, yaro mai ladabi da ba shi da komai sai injin iskarsa da haƙuri. Aka yi aure. Suka yi ta neman ɗaki a cikin gari, ko'ina suka je kuɗin ya fi ƙarfinsu. Inda kawai suka samu daidai aljihunsu shi ne sabbin ɗakunan filin nan, marasa filasta, kuma kowa ya san abin da ya sa suke da araha. Uban ya ce a ƙara nema. Aka ƙara, ba a samu ba. Auta ta ce, "Baba, ai ba kullum ba ne, in na ga hayaƙi sai in rufe taga." Yarinya ce, komai a wurinta mai sauƙi ne.

Da cikinta na fari ta haifi ɗan bakwaini. Ɗan mitsitsi, wallahi in ka ɗauke shi sai ka riƙa dubawa ko yana cikin zanen. Likita ta ce huhunsa bai gama ƙwari ba, a kiyaye shi da sanyi, a kiyaye shi da hayaƙi. Bayan an sallamo su daga asibiti muka je dubiya, ni da Yaya da shi. Ɗakin tsaf, Auta akwai tsafta, ta gado uwarta. Mai Tuta ya zauna a bakin katifa, aka miƙa masa jikansa, yana ta murmushi yana masa wasa, wai ga abokin aiki ya iso, a sayo masa ƙaramar manjagara. Sai yaron ya yi atishawa. Auta ta ɗauko farin ƙyalle ta share masa hanci, ta ajiye a gefe tana ci gaba da hira. Na ga idon Mai Tuta ya bi ƙyallen. Baƙi ne a jiki, siriri kamar an ja kwalli. Ya ɗaga kai ya dubi gidan sauron da aka rataya, wanda na ɗinka da hannuna fari tas, ya ga samansa ya koma ruwan toka. Ya sa yatsa ya shafi bakin taga ya duba. Ya miƙa yaron ga uwarsa a hankali, ya ce zai je ya dawo.

Daga rannan bai sake kyasta wa iskar fili ashana ba.

To shara dai ba ta tsaya jiran kowa ba, yanzu ma ta gefe biyu ake kawo ta, tsoffin unguwa da sababbi. Tsibi ya hau tsibi. Damina ta sauka a kai, leda ta toshe kwata, baƙin ruwa ya shigo layi har bakin ƙofofi. Ƙuda kuwa in ka buɗe baki za ka yi hamma sai ka yi hattara. Ɓeraye suka yi ƙiba har kyanwa tana ba su hanya. Yara suka fara gudawa gida-gida. Da abin ya ishe shi, wata safiya da ƙasa ta ɗan bushe, ya daure ya sa wuta a kan iskar gari, wai ko kaɗan ne a rage. Kai! Ko rabin tsibi bai ci ba jama'a suka fito. Mahaucin nan ne a gaba, yanzu babu wasa a fuskarsa.

"Mai Tuta, mun san abin da ake ciki," in ji shi. "Jikanka yana can, shi ya sa ka juyo mana da shi. To jikanka ya fi 'ya'yanmu ne? Mu namu da katako aka yi musu ƙirji?"

Ya tsaya da manjagara a hannu, ya san gaskiya mutumin ya faɗa. Ni ma ina cikin taron, kuma ni ma ina da yara a wannan unguwar, ban iya buɗe baki na kare shi ba. Kafin su watse suka ce masa ko dai ya koma ƙonawa yadda ya saba, ko su da kansu su zuba kananzir su cinna mata wuta gaba ɗaya, da taya da batir da komai, hayaƙin ya je inda ya ga dama. Ya san za su aikata. Gaba kura, baya sayaki.

Da yamma na je gidan na tarar da shi zaune a kan turmi, bai ko cire takalmi ba. Yaya tana kan tabarma tana ninke wanki. Na fara zuba, ina zagin masu motar da ba ta zuwa, da masu sayar da fili, da masu yin leda, da duk wanda ya zo bakina. Yaya ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Baban Auta, ai saura iska ɗaya."

Ya dube ta. "Wace?"

"Ka fi ni sani."

Ya ce, "Ke kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na fi ka sani, ai ƙirjina ne."

Ni na miƙe tsaye. Na ce, "Yaya, kin haukace ne? Ke da hayaƙin murhu ma ke kwantar da ke? Wallahi ba za a yi wannan ina raye ba!"

Ta ce, "Zauna, kina tsaye min a kan wanki." Sannan ta juya gare shi. "Makanikan nan a cikin hayaƙin inji suke wuni, kuma da yamma gida suke tafiya. Lungun nan ba yaro ko ɗaya. Daga ni sai kai. Ni na sha iskar duniya na ƙoshi, shi yaron nan ko ɗanɗanawa bai yi ba."

"Ba zan iya ba," in ji shi.

"To zaɓi wanda za ka iya. 'Ya'yan mutane ko jikanka?"

Wannan ita ce Yaya. Ba ta da hayaniya, amma in ta kafa magana ko jaki ya sara mata. Muka yi ta yi har rana ta faɗi, ni ina kuka ina masifa, shi yana kallon ƙasa. Daga ƙarshe ta ce abu ɗaya take roƙo a wurinmu, kada Auta ta ji. In ta ji za ta kwaso yaron ta bar ɗakin, kuma ba su da inda za su. Ta sa muka yi mata alkawari, ni da shi.

Kada wani ya ce me ya sa ba ta bar gidan ba. An gwada. Da farko duk ranar da ƙyallen ya nuna lungu, sai ya rako ta wurina kafin ya sa wuta. To ni ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya, da maigidana da yara da keken ɗinki, a saman bene kuma. Kafin ta hau matakalar nan sai ta huta a hanya tana riƙe da bango. In ta koma gida kuma hayaƙin na nan yana jiranta, don ba ya fita rana ɗaya. Ya shiga katifa, ya shiga labule, ya shiga tukunyar ruwa. Na ce ta dawo wurina gaba ɗaya, mu matsu. Ta yi 'yan kwanaki ta ce ita gidanta za ta koma, wa zai dafa wa mutumin nan, kuma me za a ce wa Auta? Daga baya ma ta daina fitowa. Sai ta jiƙa tsoffin zannuwa ta rataya a taga da ƙofa, ta zauna a kan gado da abin shaƙar maganin asmarta a hannu. In wuta ta mutu in zo in sauke zannuwan in matse, ruwan ya fito baƙi ƙirin. Auta kuwa in ta aiko za ta zo da yaro a irin waɗannan ranakun, sai Yaya ta ce a gaya mata mura take yi, kada ya ɗauka.

Unguwa ta yi shiru. Fili ya yi shiru. Mahauci ya dawo da barkwancinsa, har yana cewa Mai Tuta ya samo wa hayaƙi sabuwar tasha. Ba wanda ya tambayi ina tashar take. Sun sani sarai, suna ganin inda yake gangarawa, amma kowa ya ga gara ya yi kamar bai gani ba. Yaron Auta ya fara cika, ya yi kumatu, ya fara zama. In an kawo shi Yaya ta ɗora shi a cinya tana shinshina wuyansa, tana cewa, "Kai, mijin nan nawa akwai ƙamshi." Tana faɗa ƙirjinta yana fito kamar tsohuwar buta a kan wuta. Auta ta ce, "Mama, tarin nan naki fa ya ƙaru." Ta ce tsufa ne.

Shi kuwa ya rame ya zama kamar sandar manjagarsa. Yana sa wuta yana kallon hayaƙin yana bin kwata zuwa ƙofar gidansa, kuma dole ya tsaya har ta cinye, don in ya bari wani zai zo ya ƙara mata taya. In ya gama ya rufe da yashi sai ya taho da gudu, tsoho da shi, cikin dogon takalmi. Ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa tabarma, wai yana korar hayaƙi. Abin dariya ne in ka gani. Ban taɓa dariya ba.

Aka kai ta asibiti aka dawo, aka sake kai ta aka dawo. Duk zuwa likita sai ya ce a raba ta da hayaƙi, ita kuma ta ce to. Ranar da ta rasu ma ba a sa wuta ba, gari garau, rana ta fito. Ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce in buɗe mata taga. Na buɗe. Ta ja numfashi, ya ƙi shiga. Ta sake ja. Na ɗauko abin shaƙar na sa mata, na ƙwala masa kira, kafin ya shigo daga tsakar gida an gama. Ita ce ta goye ni bayan rasuwar uwarmu, ita ta yi min komai. Na dube shi a tsaye a bakin ƙofa na ce, "Ka kashe min Yaya." Na faɗa, kuma har yau ban janye ba, ko da yake na san da ni ce a matsayinsa ban san wacce zan zaɓa ba. Bai musa ba. Ya ce, "Haka ne," ya durƙusa ya gyara mata ɗankwali.

Bayan an share makoki na ɗauka zai jefar da manjagar. Ina! Ya koma, kuma yanzu ba ya gudu zuwa gida in ya gama. Ya kan taho a hankali ya zauna a kan turmin nan a cikin hayaƙin, ƙofar ɗakin Yaya a rufe a bayansa. Ina kai masa abinci don Yaya ba za ta yafe min ba in na bar shi da yunwa. In ajiye, ya ce an gode, in tafi. Tsiyar da muke yi ta mutu tare da ita.

Sai dai iskar lungu ba kullum take zuwa ba, shara kuwa kullum ce. Mutum ɗaya, ga tsufa, ba zai iya tone abin da unguwa biyu ke zubarwa ba. Bolar ta yi tsawo har ta fi gidajen kusa da ita. Wata rana na same shi a samanta yana zuba yashi a wani rami da hayaƙi ke fitowa, ya rufe nan ya ɓullo can. Na ce wa ya sa wuta yau? Ya ce ba kowa. Wutar ta shige can ƙasa, cikin tsohuwar sharar da ta shekara tana dahuwa, tana ci a hankali ba dare ba rana. Ruwan sama ma bai kashe ta ba. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ta daina jin maganata." In akwai iska, hayaƙin ya bi ta duk inda ta ga dama. In babu, sai ya kwanta ya bi kwata ya gangara lungu, don nan ne ƙasa ta fi zurfi. Yanzu gidan ba ya rabuwa da shi ko na wuni ɗaya.

A can fili kuwa, tsawon lokacin nan da hayaƙi ya ɗauke musu, wuri ya yi kyau. Aka yi filasta, aka yi fenti, aka buɗe shaguna da wurin aski da ƙaramar makaranta. Masu ɗan hali suka fara sha'awar wurin. Masu gidaje kuma ba wawaye ba ne.

Wata safiya na kai masa abinci, ina ajiyewa sai na ji ƙarar amalanke a lungu. Na leƙa. Mai faci ne ke turowa, an ɗaure katifa da buhunan kaya da injin iskarsa a sama. Auta tana biye, yaron goye a bayanta, yana riƙe da kunnen ɗankwalinta. Ta shigo da sallama tana murmushin nan na mai jin kunya.

"Baba, ka yi haƙuri ban aiko ba. Mai gida ne ya ninka mana haya, wai unguwa ta ci gaba, in ba za mu iya ba akwai masu jira. Mun zaga ko'ina, ba mu samu ba. Shi ne na ce masa, ina za mu je mu wahala, ga ɗakin Mama a rufe?"

Mai Tuta ya miƙe daga kan turmin. Ya dubi yaron, ya dubi sama inda hayaƙi ya yi rumfa a kan tsakar gidan.

Na ce, "Auta, ba ki ga yadda gidan yake ba? Yaron nan fa..." Sai na katse maganar. In na faɗi sauran na karya alkawarin Yaya, in kuma na faɗa ɗin, ina za su? Ɗakina da ko ita kaɗai bai ɗauka ba?

Ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin, ta kaɗa hannu a gaban fuskarta, ta yi 'yar dariya. "Haba Inna, wannan ɗin? Ai Baba ne mai wutar. Can ma da muke nesa bai bari ya taɓa mu ba, balle yanzu da muke cikin gidansa."

Yaron ya yi tari a bayanta, ta ɗan jijjiga shi. Mai Tuta ya fita wurin amalanken, ya kwance igiya, ya sunkuya ya ɗora katifar a kafaɗa. Ya ce in buɗe masa ƙofar ɗakin Yaya.